Sunan Uban Ya'akubu

Umarari, Maiduguri

Ya Mikail,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Rasha, ya karatun likita?

Sojoji sun dawo mana da ƙanwarmu Falmata daga daji, shekara huɗu bayan an sace ta a hanyar Bama. Da ɗa ta zo, Ya'akubu. Ba ta faɗi ubansa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Na kai shi makaranta, aka ce sai da sunan uba. Baba ya rantse ba za a jingina jinin mutanen nan da sunansa ba. Yaran layi kuwa har sun raɗa masa nasu, mai muni. Don Allah ka ara masa naka.

Ƙanwarka,
Hanifa

*

Kazan

Hanifa,

Wa alaikumus salam. Na yi kuka da jin labarin ƙanwarmu.

Na tambayi tsohuwar da ke koya mana Rashanci. Ta ce sunayensu tambaya ɗaya suke amsawa: na wa ne? Ivanov na Ivan, Kuznetsov na maƙeri, Popov na limamin coci. Yaron da aka tsinta, zuriyarsa Naydenov. Wanda ba a san ubansa ba kuwa akan ce masa Bogdan, wato kyautar Allah, jikokinsa su zama Bogdanov, yau kuma ba mai goranta musu. Kin ga, lokaci yana wanke suna.

Nawa dai, kin san addini ya hana danganta ɗa ga wanda ba ubansa ba. Ga kuma maganar aurena a gidan Ba'ana, kada ta lalace. A ɗan jira.

Yayanki,
Mikail

*

Ya Mikail,

Sallama da gaisuwa. Sannu da bincike, malam. Suna ɗaya na roƙa, ka aiko mini da biyar, ba ko ɗaya da zan kai makaranta. Jikoki kake hange, alhali yaron ko ƙosai ba ya iya fita saye sai an jefe shi. Falmata ta matsa na karanta mata takardarka. Ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi, “Na wa ne? Nawa ne mana.” Wallahi ka ba ni haushi.

Ka huta lafiya,
Hanifa

*

Ya Mikail,

Salam. Ka riƙe sunanka, ba a bukatarsa. Ranar Laraba Falmata ta goya Ya'akubu ta fita. Wani mai keke Napep ya ce a tashar Bama ya sauke su. Saƙon da ta bar wa maƙwabciyarmu shi ne, can daji an san sunan ubansa.

Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Hanifa