Na Kira Ta Ɓarauniya, Ita Ta Dawo Da Ƙararrawar Yayana

Goggo Tokie, ki taimake ni da shawara. Kwana huɗu ke nan da na sayi kwalin inabi na ajiye a firji, na kasa aika shi, kuma inabi ba zai jira ni ba.

Shekarata hamsin da takwas, ina zaune da yayana Tsutomu. Shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu a kan keke kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Yanzu daga gado sai kujera, maganarsa ma ni kaɗai nake ganewa. Abin da ke fitar da ni ran Lahadi shi ne wasan nan na neman akwatuna: wani ya ɓoye ɗan akwati a gindin bishiya ko ƙarƙashin benci, ya sa wurin a shafin wasan na intanet, mu bi taswirar waya mu nemo, mu sa hannu a takardar ciki mu mayar. Akwai kuma abin da muke kira matafiyi, wato wani abu da aka ɗaura wa ɗan ƙarfe mai lamba. Wanda ya tarar da shi ba nasa ba ne, zai rubuta a shafi cewa ya ɗauka, ya kai shi wani akwatin.

Shekara uku da suka wuce na kwance ƙararrawar tsohon keken Yaya, wadda tsatsa ta daɗe da kashe wa murya, na sa mata lamba na sake ta. Ta je Aomori cikin ƙanƙara, ta je Okinawa, wani ma ya tsallaka da ita Busan a jirgin ruwa ya dawo. Duk wanda ya ɗauka sai ya sa hoto. Da safe in na kawo wa Yaya shayi yakan ɗaga gira, ni kuma na san tambayar ke nan: yau ina ta kai?

A watan Afrilu ta ɓace daga wani akwati da ke gefen matakalar wani haikali a garin Onomichi. Wadda ta buɗe akwatin ƙarshe ita ce Malama Kuwabara, mai koyar da ɗinki, sau biyu muka taɓa haɗuwa a taron 'yan wasa. Ta rubuta cewa ta ga ƙararrawa amma ta bar ta, don ba ta da tafiya kusa. Wanda ya zo bayanta ya tarar da akwati a buɗe, babu komai.

Mako biyu ina nuna wa Yaya tsofaffin hotuna ina cewa sababbi ne. Ran da ya kau da kai ya ƙi kallo, raina ya ɓaci, na rubuta a shafin: "Wasu hannunsu ya fi ƙafarsu yawo. Wadda ta ga ƙararrawa ƙarshe ta san inda take." Ban kira suna ba, amma duk yankinmu ba mu kai mutum arba'in ba. Ba ta tanka ba. Aka daina gayyatarta fita, akwatuna shida da ta ɓoye ma aka daina zuwa nemansu. Na gani, kuma gaskiya a lokacin daɗi na ji.

Makon jiya sai ga ƙunshi a ƙofa. Ƙararrawar ce, tana walƙiya, da wasiƙa shafi biyu daga Malama Kuwabara. Ashe wata biyar matar nan tana hawa matakalar duk Asabar tana tambayar mutane, har ta dace da Baba Hamasaki, tsoho mai shekara tamanin da uku da ke share wurin. Ruwan sama ne ya turo akwatin waje, ya ga ƙararrawa a ƙasa, ya kai ta ofishin 'yan sanda na unguwa kamar yadda duk mai tarbiyya zai yi. Wata uku ba wanda ya zo nema, aka kira shi aka ce ta zama tasa. Ya warware ta, ya goge, ya sa mai, ya yanke ƙarfen lambar ya jefar don yana damunsa da ƙara, ya ɗaura ta a keken da yake tura cefane. Da ta yi masa bayani, da kansa ya kwance yana ta sunkuyawa yana ba da haƙuri.

A wasiƙar babu kalma ɗaya ta gori. Ta rufe da cewa in gaida Yaya, in gaya masa ƙararrawarsa hutu ta yi a Onomichi, kuma garin ya karɓe ta.

Na sa masa ita a hannunsa mai lafiya. Ya danna da babban yatsa, ta kaɗa, karo na farko cikin shekara goma sha biyar. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni kuma na shiga kicin na yi kuka, rabi na godiya rabi na kunya. Wasu na cewa in ji haushin tsohon don ya lalata lambar. Ni ba abin da ke raina game da shi sai godiya.

Na goge rubutun nan. Nufina in aika mata inabin, mafi tsada a shagon, da kati na godiya, maganar ta mutu a haka. In na fito na faɗa, kowa zai san irina. Ya isa, Goggo?

Mai Kaifin Baki, Fukuyama

Ƙanwata Mai Kaifin Baki,

Bai isa ba, kuma da kin yarda ya isa da inabin ya bar gidanki tun ranar farko.

Ba zan yi miki faɗa mai yawa ba. Mace ce ke da take ɗawainiya da marar lafiya ita kaɗai, aka taɓa abu ɗaya da ke sa shi ɗaga gira da safe. Kuma ana satar matafiya a wasanku, zarginki bai fito daga iska ba. Kuskurenki shi ne kin mayar da zato hukunci a gaban jama'a.

Goge rubutu bai goge shi daga kan mutum arba'in da suka karanta ba. Har yau a wurinsu ita ce mai dogon hannu, kuma ba za ta wanke kanta ba, don da mai yin haka ce da ta yi tun Afrilu. Inda kika zarge ta, nan za ki wanke ta. Ki rubuta a shafin, gajere, da sunanki da nata: kin yi zargi, ba gaskiya ba ne, ga abin da ta yi. Kada ki sa ciwon Yaya a ciki a matsayin uzuri. Kunyar da kike gudu ta mako ɗaya ce, ita ta ɗauki tata wata biyar.

Inabin kuma ku cinye ke da Yaya. In kika aika mata kyauta mai tsada, kin san sai ta fita neman abin da za ta rama da shi, kin ƙara mata aiki ke nan. Ki je da ƙafarki, da ɗan abin shan shayi, ki sunkuya ki ba ta haƙuri da bakinki. In ta karɓa da sanyi-sanyi, haƙƙinta ne, kada ki matsa. Baba Hamasaki kuwa ki saya masa sabuwar ƙararrawa, kin bar kekensa ba murya.

Sannan ki tambayi Yaya, don tasa ce: ta zauna kusa da gadonsa, ko ta koma hanya? In ya zaɓi hanya, ki sa mata sabuwar lamba, amma kada ki kai ta akwati da kanki. Ki miƙa ta a hannun Malama Kuwabara, ta zama mutum na farko da sunansa zai fito a sabon shafin, kowa ya ga wa kika amince wa.

Ina yi wa Yaya fatan sauƙi, ke kuma ƙarfin zuciya. Asabar tana nan tafe, kuma tunda kin san inda za ki aika inabi, kin san gidanta.

Goggo Tokie