Motar Sauda a Hannun Malam

Kano,
Litinin, 11 ga Agusta

Maigidana Malam Abdulhadi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Inna da yara. Yaya ɗalibai, yaya gona? Ni da sauƙi, sai dai likita ta ce jinina bai sauka ba, ba za ta sallame ni ba sai na haihu.

Na san halinka a waya. "To, to" kake ta cewa, kana kashewa ka manta, shi ya sa na rubuto don ka ajiye takardar a cikin motar. Shekara biyu ina zuwa aiki garin Kunci da motar nan kana cewa babur ɗinka ya ishe ka, mota mai caji sai ka ce waya. Yau ga ta a hannunka, ga yara uku da makaranta.

Ka jona ta a caji da hantsi, lokacin rana na kan farantin sola sosai. Damina ce, in ka bari sai azahar hadari zai riga ka. Wayar cajin kuma ka rataye ta sama a zaure, don Fatihu ya taɓa ɗaure akuya da ita. Aina'u a kujerarta ta baya za ta zauna, ka ɗaura mata bel ko ta yi kuka, kafin ku wuce masallacin Juma'a za ta yi shiru. Akwai ɗan maɓalli a gefen ƙofofin baya, ka tura shi ƙasa, ba za su buɗu daga ciki ba. Khadijat za ta ce maka ni ina barinta ta zauna gaba tunda ita ce babba. Ba na barinta.

Babban abin shi ne motar ba ta da ƙara. Yara ba sa jin tashinta. Kafin ka yi ribas ka zagaya ta da ƙafa.

Ka gaishe da Inna, ka ce ta ci gaba da yi mini addu'a.

Taka,
Sauda

Kano,
Lahadi, 24 ga Agusta

Malam,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya.

Yaya Basiru ya zo duba ni jiya, na matsa masa har ya faɗa mini abin da ka ɓoye. Ya ce ranar Talata ka yi latti, ka shiga mota da sauri, ashe Aina'u ta tsugunna a bayan motar tana wasa da ƙasa. Ihun Khadijat ne ya sa ka taka birki, tsakaninta da taya bai kai kamu ɗaya ba. Ya ce tun ranar ka rufe motar da tamfol, kana ɗora su ukun a babur cikin ruwa, abinci ma ba ka ci sosai.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Amma ban ji haushinka ba. Watana na farko da motar na taka keken Fatihu a daidai wurin, yana sauka kenan. Na ce maka akuyoyi ne suka ture shi. Ka yafe mini wannan ƙaryar.

Malam, an sa ranar Alhamis za a yi mini tiyata. Cikin bai cika wata tara ba, amma sun ce jira ya fi hatsari. Ina jin tsoro. Ina so in ga yarana ranar Laraba, kuma ba na so su zo a babur. Ka yaye tamfol ɗin. Ka cika ta da caji tun Talata. Esi mai sanyaya motar yana cin batir, in gari da sanyi ka sauke gilas kaɗan. In rafin nan na bayan kasuwa ya kawo ruwa, kada ka shiga, ka jira ya janye ko da awa biyu ne. Ka tsaya a Bichi su sha ruwa su miƙe ƙafa, kada ka bar kowa a ciki ko na minti ɗaya.

Na yarda da tuƙinka fiye da yadda ka yarda da shi.

Matarka,
Sauda

Kano,
Asabar, 6 ga Satumba

Baban Khadijat,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya Inna da ƙafar tata?

Albishirinka. Yau da safe aka fito da jaririyarmu Ummu Salma daga kwalbar bakwaini, ta kama nono da kanta. Likita ta ce Talata za mu tafi gida.

Ban samu na faɗa maka ba, ranar Larabar nan ina bakin taga kuka shigo. Na ga ka fito ka buɗe musu ɗaya bayan ɗaya, ka riƙe hannun Aina'u gam. Da za ku tafi kuma na ga ka zagaya motar har sau biyu, mai gadi yana ta kallonka. Da wannan na shiga ɗakin tiyata, hankalina a kwance. Khadijat ta raɗa mini cewa tun daga gida har Kano kana karatu a bayyane, kuma masu keke ma suna wuce ku.

Yanzu mun zama shida, motar kuwa mutum biyar take ɗauka. Ka bar manyan biyu wajen Inna, ka zo da Aina'u kaɗai, kada ta ga kamar an manta da ita. Kujerar jarirai tana saman sif, ka wanke ta, ka ɗaura ta tana kallon baya. Ni a baya zan zauna tsakaninsu. Na yi niyyar ba zan gyara maka tuƙi ba har mu isa gida. In na kasa, ka yi haƙuri da ni.

Allah ya kawo ka lafiya.

Taka har kullum,
Sauda