Wayarsa Ta Zo, Shi Bai Zo Ba

Kazaure, Lahadi.

Assalamu alaikum, Lailatu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin, ya kuma mutumin namu mai naushi a cikin ciki? Ki gaishe min da Baba da Inna da kyau.

To, ga wasiƙar da kika matsa min a kanta. Kin ce a littattafan da kike karantawa, duk mijin kirki yana rubuta wa matarsa takarda idan ta tafi goyon ciki. Ni ban iya su "hasken idanuna" ba, abin da na iya shi zan rubuta. Musaddiƙ direba ne zai kawo miki, ya riga ya gama yi min dariya.

Kin tambaye ni farin akwatin da na kafa miki a bangon ɗakin Inna. Sunansa rauta. Ki ɗauke shi kamar fatoma a garin kasuwa: duk baƙon da ya zo da kalmar sirri, sai ya ba shi ɗaki mai lamba, don saƙonsa ya san inda zai same shi. Lambar ɗakin ita ake kira IP. Aro ce, yau a ba ka, gobe a ba wani. Eriyar da ke kan rufi ita ke ɗebo sabis daga nesa, shuɗin kebul ya sauko da shi. Suwic kuwa, wancan mai ramuka a jere da kika gani a shagonmu, ba ki buƙatarsa, sai inda kwamfutoci suka yi yawa.

Sannan kowace waya tana da wata lamba tata ta kanta, doguwa, gauraye da haruffa, sunanta MAC. Ita kamar tsagar gado ce a fuska, da ita fatoma ke gane baƙo ko ya sake riga. Na ce wa akwatin ɗaki na sha biyu na mai wannan tsagar ne, kada a ba kowa. Wayata ke nan. Kin san kunya ba za ta bar ni in ratsa zauren Baba kai tsaye ba. To da na tsaya a ƙofar gida wayata za ta shiga da kanta, idan kin buɗe manhajar da na sa miki za ki ga sha biyu ta yi kore. Kafin a aiko a ce ana sallama, kin shafa hoda. Ƙarfin akwatin bai wuce dakalin ƙofar gida ba, saboda haka in ta yi kore, ina nan.

Jibi za mu Roni ni da Anti Sophia, aikin haɗa kwamfutocin wata makaranta. Ki rage kuka a kan mutanen littafi da babu su a duniya.

Naki,
Zaharadeen.

*

Gwiwa, Alhamis.

Anti Sophia,

Ina gaishe ki da girmamawa, ya aiki, ya yaranki su Jerry da makaranta? Na kira ki har na gaji ba ki ɗauka ba, shi ya sa na koma ga takarda. Ke kike shago ɗaya da maigidan, ke kuma ya ce kin koya masa rabin abin da ya sani, don haka ban ga wanda zan tambaya ba sai ke.

Anti, jiya ya zo ƙofar gidanmu, bai neme ni ba.

Da hantsi ne, ina tsakar gida ina yankan kuɓewa. Na buɗe manhajar nan kamar yadda nake yi kullum ba don ina tsammanin komai ba, sai na ga sha biyu ta yi kore. Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Na shiga ɗaki na sa kwalli, na sauya atamfa, na turara mayafina. Inna ta dube ni ta ce, "Ke kuma ina za ki da wannan kwalliya, ciki kamar tulu?" Na yi murmushi kawai, a raina ina cewa zuwan ba-zata ya shirya min, irin wanda na sha roƙonsa ya yi ko sau ɗaya.

Na zauna a bakin gado ina jira a ce ana sallama da Lailatu. Shiru. Miya ta kama a tukunya ban sani ba. Can sai koren ya mutu.

Na tambayi Inna ko an yi baƙo, ta ce, "Baƙin Babanki ne, ina ruwanki?" Ba ta kalli fuskata ba. Bayan azahar saƙo ya shigo daga wayarsa: "Malama Lailatu, ina Roni, aiki ya yi yawa, sabis ba kyau, kada ki kira. Allah Ya sauke ki lafiya." Anti, yaushe na zama Malama? Mutumin da ke kirana Sarauniyar Kuka? Tun da kuka tafi Roni haka saƙonninsa suka koma, kamar na shugaban makaranta, kuma rabona da muryarsa tun ranar.

A littattafai, idan miji ya zo ƙofa ya juya, wani ne ya kai masa ƙarya a kan matarsa. Na duba kaina ciki da waje ban ga abin da za a faɗa ba. Ko akwatin ne ya ruɗe? Don Allah ki gaya min, yana iya yin kuskure?

Ƙanwarki,
Lailatu.

*

Kazaure, Asabar.

Amaryarmu,

Na ga takardarki. Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ki yi haƙuri da rashin ɗaukar waya, abubuwa ne suka yi min yawa.

Ki kwantar da hankalinki. Babu wanda ya kai ƙararki, kuma babu ranar da mutumin nan ya yi fushi da ke, wannan kam zan iya rantsewa a kai.

Maganar akwati, ai shi da kansa ya gaya miki lambar IP aro ce. Idan batirin sola ya yi sanyi akwatin ya mutu ya tashi, yakan sake rabon ɗakuna, sai wata wayar da ta san kalmar sirri ta faɗa cikin sha biyu. Mutum nawa kika ba kalmar a unguwar nan? Na san halinki, ba ki iya cewa a'a ba.

Shawarata, ki zare shi daga wuta ki huta da kallonsa. Mai ciki wata takwas ba ta zama tana gadin fitila. Ki ci abinci, ki yi yawo a tsakar gida, ki bar sauran ga Allah da manya.

Taki,
Sophia.

*

Gwiwa, Talata.

Anti Sophia,

Ina gaishe ki. Ki gafarce ni, yau gaisuwata gajeriya ce.

Ban zare akwatin ba. Baba ma ya aiko a ce a cire shi wai yana cin batir, Baban da bai taɓa sanin inda batirin yake ba. Na ce to, na bar shi.

Na karanta takardarki sau da yawa. Kin ce bai yi fushi ba, kin rantse. Amma ko a wuri ɗaya ba ki ce yana lafiya ba.

Ɗazu sha biyu ta sake yin kore. Wannan karon ban taɓa kwalli ba. Na danna kanta, doguwar lambar ta fito, tsagar da ya ce ba ta sauyawa. Ranar da ya kafa akwatin na haddace ƙarshenta, kamar yadda 'yan mata ke haddace lambar babur ɗin saurayi. Ita ce, Anti. Ba wayar maƙwabta ba ce, tasa ce.

Inna tana banɗaki. Na cire takalmi, na lallaɓa har bayan ƙyauren zaure, na leƙa ta tsagar katako. Yaya Daudu na gani, wan maigidan da ke kasuwanci a Babura, durƙushe gaban Baba, hularsa a hannu. Babu kowa sai su biyu.

Sai na kira lambar mijina.

Yaya Daudu ya sa hannu a aljihu ya ciro waya. Gilashinta ya tsage tun daga sama har ƙasa kamar an taka ta, ga hotona yana haske a ƙarƙashin tsagar. Ya ɗaga ta ya nuna wa Baba. Baba ya girgiza kai. Suka zuba mata ido su biyun har ta gaji ta yi shiru. Na ji Yaya Daudu ya ce, "Baba, wallahi na kasa, kullum sai ta kira." Baba ya ce, "Daure, Daudu. Sai ta sauka. Haka aka yi wa uwarta lokacin rasuwar kakanta, ba a gaya wa mai ciki." Yaya Daudu ya goge ido da hannun riga.

Ban yi ihu ba. Ban san yadda na koma ɗaki ba. Ni da nake kuka a kan mutanen takarda, yau na nemi hawaye na rasa.

Ashe Yaya Daudu ne ke ce min Malama. Ashe kowa ya sani, har Musaddiƙ da ke karɓar takardata yana kallon ƙasa.

Anti, ba zan iya tsare Baba da tambaya ba, kin san ba a haka. Inna kuwa kuka za ta yi ta ce babu komai. Ke kina wurin a Roni. Abu ɗaya nake so ki gaya min, don girman Allah da kike bauta wa: ni matar aure ce, ko takaba ta hau kaina ina yawo da turare ban sani ba?

Ina jiran Musaddiƙ a bakin ƙofa.

Lailatu.

*

Kazaure, Laraba.

Lailatu ƙanwata,

Yana da rai. Ki fara karanta wannan, ki sake karantawa, sannan ki zauna ki sha ruwa.

Ranar da muka isa Roni an yi ruwa da safe. Ya hau rufin makarantar zai ɗaura eriya, kwanon da santsi, ƙafarsa ta zame. Da baya ya faɗo. Ina ƙasa ina warware kebul, a gabana aka yi. Daga nan aka wuce da shi babban asibiti a Kano, yana can har yanzu, mahaifiyarsa ce ke jinya.

Yana magana, yana cin abinci, ya san kowa. Hannayensa lafiya. Ƙafafun ne ba su motsa ba tukuna. An yi masa aiki a baya, likitoci sun ce a jira, ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Iyakar abin da na sani ke nan, ban rage miki komai ba.

Manya na gidanku da na gidansu ne suka haɗu suka ce a rufe, don kada firgita ta taɓa cikin. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ni baƙuwa ce a wannan shawara, aka ce in yi shiru na yi. Amma tambayar da kika yi min ba wadda ake amsawa da ƙarya ba ce.

Na gaya wa Musaddiƙ gobe da safe ya tsaya a ƙofarku da kujerar gaba babu kowa. Shiga ko rashin shiga, wannan tsakaninki da Baba ne.

Allah Ya riƙe ki.

Yayarki,
Sophia.

*

Kano, Juma'a.

Anti,

Na iso lafiya, ina gaishe ki.

Na durƙusa gaban Baba na ce na sani. Sai ya ce wa Inna ta ɗauko mayafinta ta raka ni.

Da na shiga ɗakin asibitin, maigidan ya gan ni, sai ya juya fuska ga bango. Na kira shi, ya ƙi. Da ƙyar ya ce, "Sai yau?"

Anti, ce masa aka yi an gaya min tun ranar farko, wai na ce ina masa addu'a, nauyin ciki ne ya hana ni zuwa. Wayarsa kuma aka ce ta farfashe. Duk kwanakin nan yana kwance yana zaton na ji labarin ƙafafun ne na kasa ko kiran wayar mahaifiyarsa. Da na gaya masa gaskiya ya dubi mahaifiyarsa, ta fita waje da buta.

Sai a nan kukan ya zo min, shi ma haka, har mai gadon kusa ya ce mu yi wa Allah mu bar shi ya yi barci.

Inna ta ce gobe mu koma Gwiwa, haihuwar fari a ɗakin uwa ake yi. Na tambayi wata nas, ta ce ɗakin haihuwa yana ginin da ke bayan nasu. Na ce wa Inna ta aika a kawo min kayana. A nan zan haihu.

Ƙanwarki,
Lailatu.