Fulogin batirin motar Kawu yana aljihuna

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin Alhamis, kwana biyu ke nan na kasa zama wuri ɗaya.

Na karanta lantarki, da aikin gwamnati bai samu ba sai na koyi gyaran motocin haibirid, waɗanda ke haɗa fetur da babban batir, ina da 'yar rumfa a Kaura. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda a gidansa na tashi, yana jigilar fasinja da irin motar tsakanin Kaura da Shinkafi. Makon jiya ya kawo ta, jar alama ta fito a gaban direba, motar kuma ba ta ja. Na sa kwamfuta, na sa safar roba na buɗe batirin na auna sel, wato ƙananan batiran da ke cikinsa, ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun yi ƙasa sosai, ɗaya har ya fara kumbura. Da na bi sawu sai na ga dalili, akwai 'yar kafa a gefen kujerar baya inda fanka ke jan iska tana sanyaya batirin, ashe da Kawu ya kai a ɗinka wa kujeru riga, shi da kansa ya ce a rufe ta da leda don kada ƙura ta shiga. Wata uku batirin yana dahuwa.

Na yanke ledar, na wanke fankar, na ce masa sai an sauya sel ɗin an daidaita su da sauran, kuma daga Kano za a kawo, zai ɗauki kamar kwana goma. Ya ce shi bai san wannan ba, in goge alamar kawai, ai yana ganin ana yi. Laifina a nan yake, na ji nauyinsa na goge. Shekaranjiya motar ta mutu masa da fasinja shida bayan Badarawa, wurin da ku 'yan yankin kun san ba a tsayawa. Allah ya tsare, ta tashi bayan minti kaɗan.

Ya dawo da jar alamar ta sake fitowa, ya ce in sake gogewa, Alhamis kasuwar Shinkafi ce, ranar da ya fi samun lodi. Na ce to, ya bar ta. Da ya tafi sai na zare fulogin tsaro na batirin, wani ɗan abu mai launin ruwan lemo, in babu shi motar ba za ta tashi ba. Na ce masa ina kan bincike. Jiya ya kai ƙarata wurin Inna mahaifiyata, wai boko ya sa ina raina shi, shekara ashirin yana tuƙi ban taɓa riƙe sitiyari a hanyar daji ba. Inna ta ce in ba shi motarsa, kariya sai Allah.

Gaskiya ban tabbata za ta sake mutuwa ba, wataƙila tun da iska ta samu ta kai shi ta dawo. Wataƙila kuma a'a, iya abin da na auna bai ba ni natsuwa ba. Motar ba tawa ba ce, amana ce, kuma ga shi na yi masa ƙarya. Amma mutum shidan da za su shiga ba su san abin da na gani ba.

In mayar da fulogin in faɗa masa gaskiya ya zaɓa da kansa, ko in riƙe har sel su iso ko da zai daina amsa gaisuwata? Ya ce gobe bayan la'asar zai zo da makullinsa.