Tutar da Baba ya ɗinka

Daren Laraba, Yako.

Yau mun sauke tutar ƙungiyarmu ta manoma, mai launin bakan gizo, wadda marigayi Baba ya ɗinka da hannunsa. Ya sha gaya mana cewa a zamaninsu ita ce alamar ƙungiyoyin gama kai a duniya. Amma Sani, sakatarenmu, ya nuna mana hotuna a wayarsa.

Ya ce, "Yaya, yanzu masu auren jinsi ke ɗaga irinta. A kasuwa har an fara nuna mu da baki."

Na so in yi musu, na duba kowa ya sunkuyar da kai. Ni na hau na kwance ta.

Ga ta can na cusa ƙarƙashin buhunan masara, sai ka ce kayan sata. Gara da Baba bai ga yau ba.