Turaren Gwaggo Mero a Ɗakin Gwaji

Wad Madani

Gwaggo Mero,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, tare da su Baba da duk mutanen Mai Wurno.

Gwaggo, ina cikin tashin hankali. Kin sha tambayata abin da nake yi a jami'a, to ga shi. Akwai wani sinadari da ake samu daga sitaci, sunansa saikulodekstirin, ƙwayarsa kamar zobe take, da rami a tsakiya. Akwai kuma wani rini wanda ba ya haske a cikin ruwa, amma da ya shige ramin zoben nan, in an haska masa fitila, sai ya kama walƙiya. Da ƙarfin hasken muke gane yadda ya zauna a ciki.

Kafin Salla komai tamam. Tun da na dawo daga hutun Salla a gida kuwa, hasken ya dusashe. Dakta Ibtisam, mai duba aikina, ta fara zargin ƙirƙirar sakamakon farko na yi. Ta ce in hasken bai dawo a gabanta ba, in bar mata ɗakin gwajinta. Ki sa ni a addu'a, wallahi ko barci ba na yi.

Ɗiyarki,
Najwa

Mai Wurno

Najwa ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, sai dai tumatir da ya ƙi kasuwa.

Yanzu don Allah a kan rini kike rama? Rinin ma kunya gare shi, sai ya shiga ɗaki yake sakin fuska! Kin ga ya fi ki tarbiyya. Addu'a kuwa muna yi, kuma ƙarya ba halin gidanmu ba ce, ki faɗa wa daktar taki haka.

Af, ba ki ma gode mini ba. 'Yan kwalaben nan sababbi da kika zo da su a jaka, na shinshina na ji ba ƙanshin komai, abin tausayi. Ranar da kika tafi gaida 'yan'uwanki su Kamal na kife su a kan kasko, na turara miki su sosai yadda nake wa kofunan gahawarmu ta jabana, har na ɗan shafa musu humra. Kada a ce ɗiyar gidan Attahiru ƙazama ce.

Ki ci abinci.

Gwaggonki,
Mero

Wad Madani

Gwaggo!

Assalamu alaikum. Ya salam! Na karanta wasiƙarki na zauna a ƙasa, ina dariya ina hawaye. Ashe turarenki ne ya riga rinina shiga zoben, ya mamaye ramin, rinin ya tsaya a waje cikin ruwa!

Na wanke kwalaben tas, na sake gwajin a gaban Dakta. Gwaggo, hasken ya dawo! Ta ɗauki kwalba guda da ban wanke ba ta shinshina, ta ce, “Wannan ai ƙanshin amare ne.” Ta ba ni haƙuri, har ta ce mu auna ƙanshin da ya iya korar rini haka. Don Allah ki aiko da turaren, ki rubuto duk abin da kike zubawa a ciki.

Allah ya bar mana ke.

Najwa

Mai Wurno

Najwa,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi, har na yi guɗa.

Ga turaren nan a hannun Mahmud direba, ki ba Dakta rabi. Haɗin kuwa, uwarki ma ta roƙa ban faɗa mata ba. Ba kuna da fitila ba? Ku gano da kanku.

Gwaggonki,
Mero