Kunnen Jakin Ummaru

Garin Isa, daren Laraba, damina ta biyu babu ruwa

Har yau ban yafe wa garin nan ba. Tun da ciwon ƙanena Ummaru ya tashi suke ce mana gidan mahaukata, har suka janye 'ya'yansu daga ajina, ni da na fi su karatu duka.

Shi kuwa bai riƙe kowa a zuciya ba. Muryoyin da shi kaɗai ke ji na zaginsa dare da rana, amma da asuba yana bakin rijiya, yana ɗebo wa masu yi masa dariya ruwa. Ya taɓa ce min, "Yaya, in an kira ni, kunnen jakin ga nika duba. In bai motsa ba, babu kowa, sai in ci gaba da aikina." Wallahi ban san namiji kamarsa ba.

Harawa ta ƙare, dusa ta ƙare, don haka yau na kai jakin kasuwar Bafarawa. Da na dawo na yi ta sallama a ƙofar ɗakinsa, yana zaune, bai amsa ba sai da na dafa kafaɗarsa.

"Ashe kai ne da gaske," in ji shi.

Jakin kam ya tafi. 'Yan Nijar suka saye shi.